Kafin ka biya kuɗin kwas a intanet, kalli yadda ake ba da darasin

Yawancinmu idan za mu sayi kwas, sunan malami muke dubawa da takardar shaidar da za a ba mu. Amma abin da zai sa ka kai ƙarshe, ko ka watsar a mako na biyu, shi ne yadda aka shirya bidiyon.

Wanda ya fi yawa shi ne na shafukan PowerPoint da murya a bayansu, don ya fi sauƙin haɗawa. Aibinsa yana fitowa ne idan malamin yana karanto abin da ke shafin kalma bayan kalma. Ido na karatu, kunne na sauraro, su biyun suna rige-rige a kan jimla ɗaya, kai kuwa ka tashi a tutar babu. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya, mai bincike kan yadda ake koyo, ya daɗe yana nuna cewa zane da bayanin baki sun fi shiga kai idan ba a ƙara musu rubutun da ke maimaita bayanin ba.

Ni dai na fi amincewa da irin na Khan Academy, wani shafin koyarwa a intanet. Baƙin allo ne, ba ka ganin fuskar kowa, sai rubutu yana fitowa kaɗan-kaɗan tare da muryar malami. Idan lissafi yake warwarewa, za ka ga inda ya ɗauko lamba da inda ya kai ta, har da inda ya goge ya gyara. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun bi diddigin kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a edX, wani dandalin kwasa-kwasan intanet, suka ga ɗalibai sun fi tsayawa a kan irin wannan. Sun kuma ga hankali yana fara janyewa idan bidiyo ya wuce minti 6. Saboda haka lacca ta awa guda da aka ɗauka a aji aka ɗora yadda take, a yi hattara da ita.

Darasin kai-tsaye ta Zoom yana da daɗin tambaya nan take, sai dai yana son lokaci tsayayye da intanet mai ƙarfi.

Ka buɗe darasin gwaji kafin ka biya, kuma a wayar da za ka riƙa karatun da ita, domin rubutun da ya fito ɓaro-ɓaro a kwamfuta yakan koma kamar tururuwa a waya. Duba ko ana tsayar da bidiyon a yi maka tambaya. Idan ka gama, rufe wayar ka gwada faɗin abin da ka ji da bakinka.