Mita ko ƙwan fitila: wanne ke kama wayar da ke cin fis?

Ɗan'uwa, tsakanin mitar gwajin lantarki da ƙwan fitila da ka tambaya, ɗauki ƙwan. Duka biyun ina da su, amma in dai tsohuwar mota ce ke ƙona fis ɗaya (ɗan abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi wa waya yawa) a kai a kai, ƙwan nake fara ɗaukowa.

Ba ƙaramin testan nan mai kama da sukudireba nake nufi ba. Ƙwan birki ko na sigina mai wat 21 za ka samu, ka haɗa masa waya biyu, ka zare mataccen fis ɗin, ka soka wayoyin a ramukansa. A wutar mota mai bolt 12, abin da wannan ƙwan ke ja bai kai amfiya 2 ba, don haka ko wayar wuta tana manne da bodi, ba za ta yi zafi ba, kuma ka huta da asarar fis a kowane gwaji. Ka kashe duk kayan da ke kan layin tukuna. In ƙwan ya haska fes, akwai inda waya ke taɓa ƙarfe. Daga nan sai ka bi filogi ɗaya bayan ɗaya kana zarewa, kana motsa damin wayoyi da hannu. Inda ka taɓa hasken ya dushe ko ya mutu, nan ɓarnar take.

Abin da ya sa nake ƙaunarsa, tawa motar ta taɓa gallaba ta da fis ɗin fitilun baya. A tsaye lafiya lau, amma da an hau hanya mai gargada sai ya tafi. Na sa wa ƙwan doguwar waya, na rataye shi inda zan hango shi daga bayan mota, na shiga buɗe but ina rufewa. Ina sauke murfin zuwa rabi sai ga haske ya walƙa. Da na yaye robar da ke rufe wayoyi a gindin murfin, ashe fatar waya ɗaya ta tsage saboda lanƙwasawar shekara da shekaru, tagulla a waje tana gogar ƙarfe. Na yanke wurin, na ƙara sabuwar waya, shi ke nan.

Ita kuwa mita, ba zan ce ba ta da amfani ba, amma a wannan aikin ba ta taɓa burge ni ba. Yawancinsu iyakar wutar da suke iya aunawa amfiya 10 ce, ka jona ta a layin da ya haɗu da bodi sai nata fis ɗin na ciki ya ƙone. In ka cire kan batir ka koma auna haɗuwar waya da bodi, zaren ƙwayayen fitila da nannaɗin wayar da ke cikin ƙananan injinan lantarki irin na fanka da waifa za su sa ta yi ta ƙara ko babu matsala. Ga shi idonka na kan lambobi alhali hannunka na can ƙarƙashin dashbod. Amfaninta na gaske shi ne duba caji: inji na aiki, batir ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

Kafin komai, ɗaga mataccen fis ɗin a haske ka dube shi, shi ma yana ba da labari. Wanda ya tsinke nan take ya bar baƙin tabo a ciki, waya ce ta taɓa bodi, aikin ƙwan ke nan. Wanda yake ɗaukar lokaci kafin ya tafi, zaren ya narke a tsakiya ba tabo, nauyi ne ya yi wa layin yawa: fankar iska ko motar waifa ko ta gilashin ƙofa ta tsufa tana jan wuta fiye da ƙima, ko an ɗora wa layin rediyo da ƙarin fitilu. A nan ƙwan zai iya ruɗa ka, domin motar fanka ko ta waifa mai lafiya ma tana sa shi haske in tana kunne. Mita mai baki kamar filaya, wadda ake maƙalawa a jikin waya kuma take karanta wutar batir, ita ta fi dacewa, sai dai ba sai ka saya ba, mai wayarin na kirki yana da ita. In kuma robar fis ɗin ce ta narke ta wajen ƙafafu, ramin ne ya saki ko ya yi tsatsa.

Wuraren da zan fara leƙawa a tsohuwar mota: robar da wayoyi ke bi tsakanin ƙofa da bodi, ramin makunnin sigari (ƙaramin ƙarfe ko tsabar kuɗi na faɗawa ciki), soket ɗin fitilun baya da ruwa ya shiga, wayoyin da ke kusa da salansa, da duk inda wani ya taɓa yin haɗi ya naɗe da salatif.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da masu sayar da fis na jabu. Za ka ga an rubuta 10 a kai, alhali zaren ciki ba zai tsinke ba sai waya ta fara hayaƙi. Araha ba ta ado. Irin mai ƙafa biyu ɗin nan launinsa na tafiya da ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In launi da lamba sun saɓa, ko zaren na 10 da na 30 kaurinsu ɗaya, ajiye masa kayansa. Haka duk wanda ya ce maka a sa na 30 a gurbin na 15 a huta, ko a cusa waya ko takardar azurfa, karɓi makullinka ka tafi. An zaɓi ƙarfin fis ne daidai da kaurin wayar da ke bayansa; in ka ƙara shi, wayar ce za ta ƙone a cikin dami, wani lokaci har da motar.

Ka duba murfin akwatin fis ko littafin motar ka ga me da me ke kan layin kafin ka fara zare filogi. Wayoyin jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari, waɗanda galibi filoginsu rawaya ne, kada ka kai musu ƙwan ko testa ko kaɗan.