Koriyar ragar lambu a rumfata: ta karya iska, ƙura kuwa sai haƙuri

Duk wanda ya yi gini a sabbin filayen gefen Maraɗi ya san halin iskar wurin. Maƙwabta ba su ja katanga ba tukuna, babu itacen da ya kai tsayin mutum, sai yashi iya ganinka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na tasowa daga arewa maso gabas, ta tsallako katangarmu ta faɗo tsakar gida. Rumfar da muka dafe da siminti don zaman iyali ta koma wurin da ko gawayin shayi ba a iya hurawa, balle a shimfiɗa wa tsohuwata tabarma da hantsi.

Abin da na saya shi ne koriyar ragar nan ta roba da masu renon itatuwa ke rufa wa shuke-shukensu. Da mita ake yanko ta, akwai mai sarari da yawa, akwai mai matsattsiyar saƙa. Na ɗauki ta tsakiya, mai tare kashi 50 cikin 100 na hasken rana. Mai walda ya kafa ginshiƙan ƙarfe a gefen arewa da na gabas, muka ja ragar daga ƙasa har rufin rumfa.

Shi da farko cewa ya yi, "Alhaji, a buga kwano a huta mana." Na ƙi, kuma dalilin shi ne gaba ɗayan amfanin wannan raga. Iska idan ta bugi abin da ba ya da kafa, ba tsayawa take yi ba. Hawa take yi ta kansa, ta faɗo bayansa tana juyi, ta kwashi yashi ta zuba maka a kwanon tuwo. Abin da katangar bulo ke yi mana ke nan tun farko. Amma shingen da ke barin wani sashe ya wuce, rage mata gudu yake yi, kuma kariyarsa kan kai wajen ninki goma na tsayinsa. Da wannan dabarar aka yi aiki a kwarin Majiya, jihar Tawa, inda tun 1975 aka jera layukan bedi don kare gonakin hatsi daga iska.

Kuma ta yi aikin. Ranar da ake jin ƙofar gida na bugawa, a cikin rumfa sai dai gefen zanen da aka shanya ya riƙa ɗan motsi. Garwashi na ci a hankali, yara na karatun allo ba tare da sun runtse ido ba. Haske na shiga. Da bazara ta zo, lokacin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ba ta toshe mana ɗan sanyin yamma ba, wanda da kwano ne da rumfar ba ta zaunu ba.

Inda ta gaza kuwa, ba zan ɓoye ba. Yashi mai nauyi tana tare shi, za ka gan shi ya taru a gindinta. Amma ƙurar hazo mai laushi ratsawa take yi, kullum da safe sai an goge kujeru. Mai asma kada ya sa rai da ita. Da dare kuma, idan an kunna fitila, wanda ya shigo tsakar gida yana hango na ciki sarai, abin da uwargida ba ta ji daɗinsa ba ko kaɗan. A nan zanar gamba ta fi ta sutura, ta fi ta araha, ta kuma fi ta kyan gani, sai dai gara da ruwan damina ba sa barin zana ta daɗe.

Babban abin lura shi ne ɗauri. Duk inda waya ta ciji ragar kai tsaye, nan take fara yagewa, zare na zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tela ya naɗe mini bakinta da tsohon tamfol, aka huda, aka zura igiya, tun daga nan ban sake ganin yaga ba. Haka kuma ina iya kwance ta in naɗe idan hadari ya haɗo daga gabas a farkon damina, domin wannan guguwar ba ta hunturu ba ce, tana iya lanƙwasa ginshiƙin ƙarfe.

Gefen da rana ta fi duka ya fara koɗewa, amma bai soma karyewa ba. Wanda zai saya ya nemi wadda aka yi don jure rana, ya ja zaren bakinta da yatsa kafin a yanka masa. Idan ya zame da sauƙi, ya bar ta a shagon.