Kejin tafiya da mage: wanda za ku saya da wanda zai sa ku kuka a hanya

Tun da aka yi wa mijin maƙwabciyata a Unguwar Rimi canjin wajen aiki zuwa Gombe, maganarta ɗaya ce, yadda za ta yi da magenta. Gado da kujeru da firji mota guda za ta kwashe su, mage kuwa ba kaya ba ce da za a cusa a lungu a ɗaure da igiya. Na zaunar da ita na faɗa mata abin da na sani, sai na ga gara in rubuta shi kowa ya samu, domin ni na yi irin wannan tafiya sau biyu, daga Kaduna zuwa Sakkwato, sannan dawowa bayan shekara uku. A ta farko da maguna biyu na bar gida, da ɗaya na isa.

Bari in fara kawar da waɗanda ba su cancanci dogon bayani ba. Buhu shi ne shawarar da surukata ta ba ni: "Ke dai ki zuba su a buhu ki ɗaure baki, haka muka taso muka ga ana yi, don kada su gane hanya su komo." Na ce to, Hajiya, ban yi musu ba, ban kuma yi ba. Buhu na kai mage bayan layi ne, ba na tafiyar da ta haura kilomita 450 ba. Kwali fitsari ɗaya ke jiƙa gindinsa ya ɓarke. Kwandon kaba kafin ku wuce Jaji farata sun yi masa taga. Jakar yadi mai zif tana da amfani idan asibitin dabbobi za ku je ku dawo, amma mage mai wayo da hanci take ture zif, kuma da zarar wani ya jingina Ghana-must-go a kanta ta lotse. Jakar goyo mai tagar roba kamar ta 'yan sama jannati, wadda 'yan mata ke ɗaukar hoto da ita, tanda ce kawai mai kyan gani.

Kejin ƙarfe na 'yan walda ya ɗan fi waɗannan daraja. A Panteka za a ƙera muku daidai awon da kuka bayar, kuma babu magen da za ta fasa shi. Sai dai nauyi gare shi, rana na taɓa shi ya ɗau zafi, kuma a buɗe yake ta ko'ina, alhali mage in ta tsorata duhu take nema. In dole sai shi, ku ce wa mai waldar ya goge duk wani tsinin waya, ya sa faranti a ƙasa maimakon raga don kada tafin ƙafarta ya maƙale, sakata kuma ta zama biyu.

Nawa zaɓin, wanda ba na ɓoyewa, shi ne kejin roba mai tauri mai gida biyu, sama da ƙasa, da ƙofar ƙarfe a gaba. Rabin ƙasa kamar baho yake, ba shi da huda, don haka in ta yi fitsari ko amai a nan zai tsaya, ba zai bi kujerar mota ba. Rabin sama yana da ramukan shan iska a gefe da gefe da baya. Kyansa shi ne ana iya kwance shi gida biyu: a wanke shi tas, a kifa ɗaya cikin ɗaya a ajiye a saman kwaba, kuma in kun je wurin likitan dabbobi ba sai an jawo mage ta ƙarfi tana yaƙushi ba, murfin kawai za a ɗage a duba ta tana kwance a inda ta saba. Wasu suna da ƙofa ta biyu a sama. Wanda ya taɓa ƙoƙarin tura mage ta ƙofar gaba tana tokare ƙafafu huɗu a bakin ƙofar ya san darajar wannan ƙofa ta sama, domin ta nan sai dai a zura ta a hankali, ƙafafun baya su fara sauka. Kuma roba mai tauri tana ɗaukar duka. In direba ya taka birki da ƙarfi jaka ta faɗo a kai, kejin ne zai sha, ba haƙarƙarin dabba ba.

Wajen girma, ƙa'idar mai sauƙi ce: ta iya miƙewa tsaye ba tare da kanta ya taɓa rufi ba, ta iya juyawa, ta iya kwanciya yadda ta saba. Babbar mage galibi kilo 3 zuwa 5 take, don haka ƙaramin keji ko matsakaici ya isa. Kada tausayi ya sa ku sayi na kare, domin a cikin ƙaton keji duk ramin da mota ta faɗa sai ta yi ta gwaruwa da bango. Kowace mage kuma da nata. Ko uwa ɗaya ta haife su, tsoro na sa su huce a kan juna.

Sunayen da aka sani a wannan harka akwai Petmate na Amurka, da Ferplast na Italiya, da Trixie na Jamus. Ana samun sababbi a shagunan kayan dabbobi, wani lokaci kuma sukan faɗo cikin kayan gwanjo, don haka leƙa Kasuwar Barci ba asara ba ce. Amma suna kaɗai bai isa ba, domin ko kamfanonin kirki suna da samfurin da aka yi don gajeriyar fita. Abin da za ku duba shi ne abin da ya haɗa saman da ƙasan. In 'yan kunnuwan roba ne da ake dannawa su ce ƙwas, ku ajiye. Ku nemi mai ramuka a kewaye da ake zura noti a ɗaure. Na san za a ce na cika nanata wannan, to wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Ga yadda aka yi. Sati biyu kafin tafiyarmu ta farko na ga hoton keji a intanet, mai sayarwar ya rubuta cewa ɗan waje ne, kuɗinsa kuma bai kai rabin na shago ba. Na kira shi, ya ce, "Hajiya, wallahi ko giwa kika sa a ciki ba ta fita." Na tura kuɗin guda biyu, ɗan acaɓa ya kawo. Da na buɗe leda wani wari ya bugi hancina kamar na robar da aka ƙona, amma launinsa shuɗi mai kyau, ga takarda an manna mai hoton jirgin sama, sai na ce ai shi ke nan. Muka tashi bayan sallar asuba, muka wuce Zariya, muka tsaya a Funtuwa don yara su karya. Na ce wa babban ɗana ya fito da kejin Goje, muzurunmu, ya ajiye a inuwa ya sha iska. Yaron ya ɗaga ta mariƙi kamar yadda kowa zai yi. Ina kallo kunnuwan roba biyu na gefe ɗaya suka ɓalle, gindin ya buɗe kamar bakin kada, Goje ya diro ƙasa. Daƙiƙa ɗaya ya yi a tsugune, kunnuwa a kwance, wata tirela ta danna hon, sai ƙarƙashin motoci. Awa biyu muka yi muna nema. Mai shayi ya taya mu, almajirai suka taya mu, ina yawo da gwangwanin kifi ina kiran sunansa kamar zararriya. Daga ƙarshe Baban Ummi ya ce, "Ki yi haƙuri, kada dare ya yi mana a hanyar Gusau." Kejin Zabiya, ɗaya magen tamu, da ɗankwalina na ɗaure shi tamau, a cinyata ya ƙarasa tafiyar. Da na kira mai sayarwar washegari, cewa ya yi ai yaron ne bai iya ɗauka ba. Kira na biyu lambar ba ta shiga.

Don haka ku saurare ni a kan jabu, domin sun fi na gaske yawa. Kada ku biya kuɗin kejin da ba ku taɓa da hannunku ba. In dole ta intanet ne, a kawo ku duba sannan ku biya, wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya san abin da yake sayarwa. Hoton da suke sakawa sau da yawa na kamfanin asali ne suka kwafo, ku ce ya ɗauki bidiyon wanda ke hannunsa yana buɗe ƙofar yana rufewa. In ya iso, ku fara da hanci: robar da aka narka aka sake bugawa tana da wari, launinta kuma ba ya zama ɗaya, za ku ga dabbare-dabbare. Ku danna bango da babban yatsa. In ya lotsa kamar robar ɗiban ruwa, ko wani farin layi ya fito a inda kuka lanƙwasa, wannan ba zai kai Kwanar Dangora ba. Ku kifa shi ku duba gindi, na asali galibi sunan kamfani a jikin robar aka zuba shi, na jabu kuwa takarda ce da farce ke ɓarewa. Ƙofa ku girgiza ta da ƙarfi. Sandunan sakatar su shiga ramukansu sama da ƙasa sosai, ba su tsaya a baki-baki ba, kuma in kun saki madannin su koma da kansu. Akwai ƙofar roba da ake fesa wa fenti ruwan azurfa ta yi kama da ƙarfe, ku ƙwanƙwasa da makulli za ku ji bambanci. Sai gwajin da na fi yarda da shi, wanda masu shago ba sa so: ku zuba ledar ruwa goma a ciki, kilo 5 ke nan, ku rufe, ku ɗaga ta mariƙi ku jijjiga. In mai kaya ya ɓata rai, ku yi masa sallama.

Takardar nan mai hoton jirgi kuwa, wadda ke cewa ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta amince da kejin, kada ta ruɗe ku. Ƙungiyar tana da ƙa'idojin yadda kejin dabba zai kasance, amma ba ta ba wa wani kamfani shaidar amincewa. Kowa na iya buga wannan takarda a shagon kwamfuta. Na gwanjo ma da nasa tarkon: yana iya zama na asali amma ya shekara a rana, robar ta bushe ta zama kamar ƙwai. Ku duba kusurwoyi da gindin mariƙi ko akwai tsaga, kuma ku wanke shi da ruwan bilic ku ɗauraye ku shanya kafin magenku ta shiga, ba ku san dabbar da ta kwana a ciki ba. Ni yanzu ko mai noti ne sai na ƙara masa igiyar robar nan ta masu wayarin a kusurwa huɗu, kuma ba na ɗaukarsa ta mariƙi kaɗai, hannu ɗaya na ƙasa.

Kejin kirki ma ba ya aiki in ranar tafiya mage ta fara ganinsa. Ku ajiye shi a buɗe a falo sati ɗaya ko biyu, da tsohon zanen da take kwanciya a kai, kuna sa mata abinci a ciki. Ranar tafiya ku ɗauke abinci awa huɗu zuwa shida kafin tashi saboda amai, ruwa kuwa a bar mata. Wurin kejin kujerar baya ne da bel a ɗaure, ko ƙasa a bayan kujerar gaba, a yafa masa mayafi marar nauyi a bar gefe ɗaya. Ban da but. In motar haya ce daga Kawo ko Mando, ku biya masa kuɗin kujera ku huta da rigimar 'yan kamasho, in da hali kuma ku ɗauki shata. Masu niyyar jirgin ƙasa su je Rigasa su tambaya kafin su yanki tikiti, haka ma masu jirgin sama, kowane kamfani da dokarsa.

Zafi shi ne abin tsoro. Zafin jikin mage digiri 38 zuwa 39 ne, kuma ba ta gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, ga shi a watan Afrilu Sakkwato na haura digiri 40. In kun ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, ba ƙalau take ba, ku nemi inuwa ku shafa mata ruwa a ƙafafu da kunnuwa. Kada a bar ta a mota a rufe ko na tsawon sallah raka'a biyu, kada kuma a buɗe kejin sai gilasan mota da ƙofofi suna rufe. Maganin barci na kemis kada ku kuskura, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. In tsoronta ya yi yawa, likitan dabbobi na iya rubuta mata gabapentin daidai nauyinta. Ku je da wuri, a nan cikin gari ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a haɗa har da allurar rigakafin ciwon haukan kare, ku riƙe katin a jaka.

Da muka dawo Kaduna, ɗaki guda na ware wa Zabiya, da tiren yashi da ruwa da kejinta a buɗe, na hana yara shiga. Kwana biyu ba ta fito daga kejin ba sai da dare. Sati uku ta yi kafin in bar ta ta taka tsakar gida, shi ma da yunwa a cikinta don ta dawo da kanta. Maƙwabciyata ta ce in ara mata nawa zuwa Gombe, direba zai dawo da shi. Na ce a'a, Maman Sadiq, Zabiya a ciki take barcin rana. Amma ranar Asabar zan raka ta kasuwa, na ce ta taho da ledar ruwa goma.