Scarlett Solo ta 2019 wajen ɗaukar tsohon kiɗan jita a ɗaki

Ga mai son sake kaɗa irin kiɗan jitar nan na farkon shekarun 1960, wanda babu waƙa sai tsirkiya da amsa-kuwwa, Focusrite Scarlett Solo samfurin 2019, na'urar da ke shigar da sautin jita ko makirufo cikin kwamfuta, ta isa, in dai an san halinta.

Ƙofa biyu gare ta, ta makirufo da ta jita. Kafin komai a danna maɓallin INST. In an manta, sautin zai fito a dushe, kaifin da ake nema ya ɓace, domin maganaɗisun jita na bukatar ƙofa mai babbar turjiya. Zoben hasken da ke kewaye da abin murɗa ƙarfi kore ne in lafiya, ja kuwa sauti ya fashe ke nan, kuma ba ya gyaruwa daga baya. A kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a kiɗan, a tsayar da ƙololuwarsa wajen -12 dB. In ana ɗauka a 24-bit, wato zurfin ingancin sauti, barin wannan sarari ba ya jawo asara.

Babbar maganar ita ce jinkiri. Akwai maɓallin Direct Monitor da ke kai jita kunne nan take, sai dai a bushe yake kawo ta, ba amsa-kuwwa. Wannan kiɗa kuwa da amsa-kuwwa ake kaɗa shi, makaɗi sai ya ji wutsiyar sauti kafin ya taɓa tsirkiya ta gaba. Don haka a kashe Direct Monitor, a saurara ta cikin manhajar ɗaukar sauti. Jinkirin ya dogara da bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi: bafa 128 a kan 48 kHz kusan milisakan 2.7 ce a shiga, haka a fita, hannu ba ya damuwa da ita. A 512 ta haura 10, nan bugun sauri ke fara tuntuɓe. Kwamfuta in ta fara ƙas-ƙas a koma 256. A Windows lallai a sa direban ASIO na na'urar, manhajar da ke rage jinkiri. Wanda ya bar Direct Monitor da sauraron manhaja duka a buɗe zai ji jitarsa sau biyu, ya yi ta zargin waya.

A ɗauki sautin a bushe, amsa-kuwwar sifirin, irin ta akwatin da Fender ya fitar a 1961, ta tsaya a matsayin ado a kan layi. Ta haka za a iya rage ta ranar haɗa sauti.

In an ji gunji, galibi ba na na'urar ba ne. Maganaɗisun jita mai naɗi ɗaya ke tsinto wutar gida ta 50 ko 60 Hz. A matsa daga allon kwamfuta, a juya jiki a hankali har ya lafa, a gwada cire cajar kwamfuta.

Abin murɗa guda ne ke riƙe da lasifika da na kunne tare, kuma maɓallin Air na makirufo ne kaɗai, bai shafi jita ba. Jita ɗaya ke shiga a lokaci guda, saboda haka a fara shimfiɗa ganga da bes, sannan a ɗora jagorar kiɗan.