Batirin rikoda na haɗin gida: NiMH ko 18650?

Malam, ka ce rikodarka na cinye batir kafin ka gama hira ɗaya, kana son ka haɗa naka da zai riƙa ba ta 5V ta ƙofar USB, amma ka rasa wanne za ka bi, ƙananan batira masu caji na NiMH masu girman AA ko 18650 irin na cikin tsofaffin laftof. Na haɗa duka biyun, ga abin da na gani.

NiMH kowane ɗaya 1.2V ne, in ka jera huɗu kai da gindi ka samu 4.8V kenan, ba ka buƙatar wani bod, wato ɗan allon lantarki, a tsakani, gidan batir da waya da fis kawai. Masu kyau irin su Eneloop suna ɗaukar wajen 2000mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa, kuma ba sa saurin zubar da caji in an ajiye su. Matsalarsu ita ce in sun fito daga caja da zafinsu huɗun nan za su iya kai 5.6V, wata rikodar ba ta son haka, don haka ka sa mita ka auna ka duba littafinta tukuna, sannan in sun yi ƙasa za ta iya mutuwa alhali da sauran wuta a ciki.

Shi kuwa 18650 ƙarfi ne da shi gaskiya. 3.7V ne, in ya cika 4.2V, guda biyu masu 3000mAh sun ninka waɗancan huɗun har da ƙari, ga rashin nauyi. In kana kunna 48V ɗin nan na manyan makirfo, wanda shi ne ke shanye batir, za ka ji daɗinsa. Amma dole sai da bod ɗin kariya wato BMS, da na caji irin TP4056, da kuma wanda zai ɗaga wutar zuwa 5V, to a wannan na ƙarshen ne rigimar take. Wannan bod ɗin kunnawa da kashewa yake yi da sauri sosai, in mara kyau ne ƙararsa na shiga cikin sauti. Ni ya taɓa yi min, na ɗauki hira ta awa guda da wani dattijo, sai da na dawo na sa hedifon na ji wani siririn tsiii kamar sauro a ƙarƙashin muryarsa daga farko har ƙarshe, wallahi ranar raina ya ɓaci don ba hirar da za a maimaita ba ce.

Kuma don Allah kar ka ɗora dalma kai tsaye a jikin 18650, zafi na lalata shi har ya kama da wuta, ka sayi gidansa. Duk wanda ka ga an rubuta 9900mAh a jikinsa ƙarya ce, na gaske ba sa kai ko rabin haka.

Tunda wannan ne haɗinka na farko ni dai NiMH zan ce ka bi, ka yi saiti biyu kana canzawa. In aikin na yini guda ne sai ka koma 18650, amma kafin ka fita ka shiga ɗaki shiru, ka ƙure ƙarfin makirfo, ka ɗauki minti biyu da batirin ciki, minti biyu da naka, ka saurara da hedifon. Ka kuma tabbatar jar waya da baƙa ba su juye ba kafin ka jona.