Nginx ko Caddy a gaban Gunicorn?

Ɗan uwa ka ce manhajarka ta Django (tsarin gina shafukan intanet da Python) na gudana da Gunicorn (shirin da ke tafiyar da ita) a fot 8000, kana son abin da zai tsaya a gaba ya riƙa karɓar baƙi a 80 da 443 yana miƙa mata, tsakanin Nginx da Caddy wanne za ka ɗauka. Duka biyun za su yi, sai dai ɗaya ya fi sa mutum rubutu.

Nginx tsohon hannu ne, tun 2004 Igor Sysoev ya fito da shi, kuma shi fa abin da ka ce masa kawai yake yi. Ka sa proxy_pass http://127.0.0.1:8000 zai miƙa kam, amma ba zai gaya wa Django sunan shafin da baƙon ya nema ba, ko cewa ta https ya shigo, sai ka ƙara proxy_set_header na Host da X-Forwarded-For da X-Forwarded-Proto da hannunka. Ka manta Host, Django ya ga 127.0.0.1:8000 ya watso maka kuskuren 400 in babu shi a ALLOWED_HOSTS, jerin sunayen da ya yarda da su. Ka manta Proto alhali SECURE_SSL_REDIRECT, saitin Django mai mayar da baƙi kan https, na kunne, burauza ta yi ta zagaye har ta gaji ta tsaya. Ga client_max_body_size, iyakar girman abin da za a ɗora, da ya zo a kan megabait 1, mutum na ɗora hoto mai ɗan nauyi sai kuskuren 413, a nan da yawa ke ɓata yini suna tonon Django alhali ba laifinsa ba ne. Satifiket na https kuma yawanci sai ka nemo certbot, shirin da ke karɓo shi.

Caddy na 2015 ne, da Go aka rubuta shi. Sunan shafinka, sai reverse_proxy 127.0.0.1:8000 a Caddyfile, an gama. Da kansa yake karɓo satifiket daga Let's Encrypt, masu bayar da shi, yana sabuntawa, yana tura bayanan X-Forwarded ɗin nan, WebSocket ma ba sai ka taɓa komai ba. Matsalarsa dai in ka maƙale, yawancin bayanan da ke intanet na Nginx ne.

Ni dai in saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ɗaya ce manhaja ɗaya, Caddy zan ce maka. In Nginx na kan sabar yana riƙe da wasu shafukan, bar shi kawai, biyun ba za su zauna a fot 443 ɗaya ba.

Ko wanne ka zaɓa, bar Gunicorn a 127.0.0.1, kar ka buɗe shi a 0.0.0.0, don kada wani ya zagaye ya shigo ta 8000 kai tsaye ba tare da https ba.