CVT ko otomatik ɗin da aka saba? Ga amsa, Malam

Malam, ka tambayi wadda za ka saya tsakanin mota mai giyar CVT da mai otomatik ɗin da aka saba. CVT wani nau'in giyar otomatik ce, amma ba ta da giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Abin da ke cikin giyabos ɗinta fuli biyu ne, ɗaya na inji, ɗaya na tayoyi. Kowanne faifai biyu ne masu tudu kamar mazurari, suna fuskantar juna, bel na ƙarfe yana tsakani: ɗaruruwan ƙananan ƙarafa jere a kan siraran zobba. Matsin man giya ne ke matse faifan. In na inji ya matse, bel ya hau baki, na tayoyi ya buɗe, bel ya nutse ciki, sai gudu ya ƙaru sannu a hankali ba tare da fizga ba. Shi ya sa za ka taka totur ka ji muryar inji ta tsaya wuri ɗaya alhali mota tana ƙara wuta. Lafiyarta ƙalau, a nan ma take rage shan mai.

Otomatik ɗin da aka saba ta fi jure jan kaya, amma ta fi shan mai, kuma za ka riƙa jin canjin giya a jikinka.

Ran CVT yana cikin man giyarta. Kowace da nata: Honda HCF-2, Nissan NS-2 ko NS-3. Aka zuba mata na otomatik, bel zai fara zamewa ya karce fuskar fuli, garin ƙarfe ya bi mai, daga nan sai canza giyabos. Zafi ma abokin gabarta ne. A canza man kamar kowane kilomita 50,000, ko yadda littafin motar ya ce.

Ka kula da dillalai marasa tsoron Allah. Sukan goge laifin da kwamfutar mota ta nuna, su ba ka gwajin minti biyar tun giya na da sanyi. Kada ka yarda. Tuƙa ta minti 30, ka hau gangare, ka saurari kuka siriri ko karkarwa wajen tashi. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna, bar motar. Ka ƙara lura da tsofaffin Nissan na 2003 zuwa 2010, waɗanda ƙorafi a kan giyarsu ya sa kamfanin ya taɓa tsawaita garantinta zuwa shekara 10 a Amurka.

Ɗauki CVT ta Toyota ko Honda, wadda ke da shaidar canjin mai a rubuce.